Charles Neer: Likitan kafaɗa da yadda ake auna tasirin bincikensa

A duk lokacin da aka kai wanda ya karye a kafaɗa wani babban asibiti, ko a Birnin Kebbi ne, ko Sakkwato, ko kuma asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, akwai wani suna da da wuya likitan ƙashi ya gama duba hoton karayar bai tuna da shi ba. Sunan kuwa shi ne Neer.

Dakta Charles Neer likitan fiɗa ne ɗan ƙasar Amurka, wanda ya shafe kusan shekaru arba'in yana aiki da koyarwa a asibitin jami'ar Columbia da ke birnin New York. Da tsarin da ya fito da shi a shekarar 1970 ne likitoci a sassa daban-daban na duniya ke rarrabe karayar saman ƙashin dantse, kuma maƙalolinsa na cikin waɗanda aka fi kafa hujja da su a tarihin tiyatar kafaɗa.

To sai dai kuma binciken da aka gudanar daga baya ya girgiza wasu daga cikin abubuwan da ya koyar, ba tare da yawan ambaton sunansa ya ragu ba. Wannan ne ya sa tarihinsa ya zama kyakkyawan misali ga mai son fahimtar abin da alƙaluman ambato ke nunawa game da masani, da kuma abin da suke ɓoyewa.

Rayuwarsa

An haifi Charles Neer a watan Nuwamban 1917 a wani ƙaramin gari mai suna Vinita a jihar Oklahoma. Mahaifinsa likita ne, haka ma kakansa. Ya yi karatu a kwalejin Dartmouth, ya kuma sami digirin likita a jami'ar Pennsylvania a 1942, sannan ya yi aikin fiɗa a rundunar sojan Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu.

Bayan yaƙi ne ya koma New York ya ƙware a fannin ƙashi. A 1982 ya jagoranci kafa ƙungiyar likitocin kafaɗa da gwiwar hannu ta Amurka, ya zama shugabanta na farko, kuma har yau ƙungiyar na bayar da lambar yabo ta bincike da sunansa. Ya yi ritaya a 1990, shekarar da ya fitar da babban littafinsa kan gyaran kafaɗa. Ya rasu a garin da aka haife shi a watan Fabrairun 2011, yana da shekaru 93.

Gaɓa mai wuyar sha'ani

Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace juyawa a jikin ɗan Adam. Kan ƙashin dantse mai kama da ƙwallo yana zaune ne a kan wani ɗan gurbi marar zurfi a jikin allon kafaɗa, kuma wasu jijiyoyi huɗu ne suka lulluɓe shi suna riƙe da shi. A samansu akwai wani ƙashi da ya yi wa gaɓar rumfa. Wannan sakewa da Allah Ya yi wa kafaɗa ita ke ba mutum damar ɗaga hannu sama da kai shi baya, ita ce kuma ta sa ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa.

Kafin zamanin Neer, wanda ya fi kowa nazarin wannan gaɓa shi ne Ernest Codman, wani likita a birnin Boston, wanda ya buga littafinsa kan kafaɗa a 1934. Codman ne ya lura cewa saman ƙashin dantse kan karye ne a kan sassa huɗu: kan ƙashin, da wasu tudda biyu da jijiyoyi ke manne da su, da kuma sandar ƙashin.

A kan wannan harsashi Neer ya yi gini.

Maƙalolin da suka fito da shi

A 1955 ya buga rahoto kan marasa lafiya 12 da ya cire musu kan ƙashin da ya lalace, ya maye gurbinsa da na ƙarfe. Daga nan ne aikin sauya gaɓar kafaɗa na zamani ya samo asali, kuma a shekarun 1970 ya faɗaɗa shi zuwa ga masu fama da ciwon sanyin gaɓa da ya cinye musu guringuntsi.

Maƙalar da ta fi yaɗa sunansa ita ce ta 1970, wadda ta fito kashi biyu a mujallar Journal of Bone and Joint Surgery. Ya nazarci karaya 300, ya kuma ce abin dubawa shi ne sassa nawa ne daga cikin huɗun nan suka gusa daga mazauninsu. A ƙa'idarsa, sai sashe ya gusa da fiye da santimita ɗaya, ko ya karkace da fiye da digiri 45, sannan za a lissafa shi. Saboda haka ake jin likitoci na cewa karaya mai kashi biyu, ko mai kashi uku, ko mai kashi huɗu. Idan babu sashen da ya gusa haka, ko da layukan tsagewa sun yi yawa a hoto, kashi ɗaya ce, kuma irinta ce mafi rinjaye. Ita ba ta bukatar fiɗa, rataye hannu da motsa jiki sun wadatar.

Amfanin tsarin a bayyane yake. Mai kashi huɗu takan yanke hanyar jini zuwa kan ƙashin, har ya mutu daga baya, don haka sanin rukunin karaya kan taimaka wa likita ya yi hasashen abin da zai biyo baya. Bugu da ƙari, ya ba likitoci harshe guda: wanda ke Birnin Kebbi zai iya bayyana wa takwaransa na Kano irin karayar da ke gabansa a cikin kalmomi kaɗan ta wayar tarho.

Shekaru biyu bayan haka, a 1972, sai ya fito da wata maƙalar. A cikinta ya ce yawancin ciwon kafaɗa mai daɗewa na faruwa ne saboda gaban ƙashin rumfar nan yana gugar jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa duk lokacin da aka ɗaga hannu, ya kuma bayar da shawarar a kankare wannan ɓangare na ƙashin. A 1983 ya ƙara da cewa kashi 95 cikin ɗari na yagewar waɗannan jijiyoyi daga wannan guga suke. Da aka fara yin aikin ta hanyar zura na'urar hangen cikin gaɓa a shekarun 1980, sai ya zama ɗaya daga cikin ayyukan fiɗar ƙashi da aka fi yi a Turai da Amurka.

Yadda ake ƙirga ambato

A al'adar binciken kimiyya, duk wanda ya rubuta maƙala wajibi ne ya jera sunayen ayyukan da ya dogara da su. Kowane shiga cikin irin wannan jeri shi ake kira ambato guda.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, wato Ida'un Nusukh, domin ya bayyana malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowannensu. Ilimin da ba a san mafarinsa ba abin tuhuma ne a zauren malamai, kamar yadda yake a mujallar likitoci. Bambancin shi ne malaman hadisi sukan auna kowane mai ruwaya, su tantance gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa, ita kuwa kwamfuta ƙirge kawai ta sani.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya kawo shawarar tattara waɗannan ambato a 1955, kuma a 1964 cibiyarsa ta fara fitar da kundin da ya zama tushen rumbun Web of Science na yau. A 2004 aka sami ƙarin rumbuna biyu, Scopus na kamfanin Elsevier da kuma Google Scholar, wanda kowa ke iya dubawa kyauta a intanet. Alƙaluman rumbunan uku ba sa zuwa ɗaya, domin kowanne da irin mujallun da yake lissafawa. Na Google Scholar ne kan fi yawa, saboda yana haɗawa da kundayen digiri da littattafai.

A 2005 kuma wani masanin kimiyyar fiziya a jami'ar California da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya fito da abin da ake kira ma'aunin h. Idan aka ce ma'aunin h na masani 20 ne, ana nufin yana da maƙaloli 20 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Manufar ita ce a haɗa yawan rubutu da karɓuwarsa a lamba guda, ta yadda mai tarin maƙalolin da babu mai karantawa ba zai yi zarra ba.

Ma'aunin na da raunin da tarihin Neer ke fito da shi fili. Nauyin Neer ya ta'allaƙa ne a kan maƙaloli ƙalilan da aka ambata sau dubbai, kuma da yawansu shi kaɗai ya sa musu hannu. A wurin ma'aunin h, maƙalar da aka ambata sau dubu uku da wadda aka ambata sau ɗari duk maki ɗaya ne, muddin sun haye layin. Likitan wannan zamani da sunansa ke fitowa cikin jerin marubuta goma a kan ɗaruruwan maƙaloli zai iya zarce shi a lamba, alhali bai sauya komai a ɗakin tiyata ba.

Akwai kuma wani abin lura. A jerin maƙalolin kafaɗa da aka fi ambato, wadda kan yi gogayya da na Neer a sahun gaba ita ce ta Christopher Constant da Alan Murley ta 1987, daga Cambridge a Ingila. Ita ba ta kawo wata sabuwar fiɗa ba. Ma'auni ne mai maki 100 na gwada lafiyar kafaɗa: 15 na zafin ciwo, 20 na ayyukan yau da kullum, 40 na juyawar hannu, 25 na ƙarfi. Duk mai binciken da ya yi amfani da ma'aunin dole ya ambace ta. Haka abin yake ga tsarin Neer na 1970. Kayan awo sun fi komai tara ambato, kamar yadda mudu ya fi kowane buhu yawan shiga hannu a kasuwar hatsi.

Lokacin da aka sake gwadawa

A 1993 wasu rukunoni biyu na masu bincike, ɗaya a New York ɗaya a ƙasar Suwizalan, sun ba likitoci hotunan karaya iri ɗaya suka ce kowa ya faɗi rukuninta bisa tsarin Neer. Sakamakon ya nuna cewa sau da yawa likitocin ba sa yin ittifaƙi, kai har likita guda kan sauya ra'ayi idan aka sake nuna masa hoton bayan wani lokaci. Shi kansa Neer ya bayyana a wata maƙala ta 2002 cewa iyakar santimita ɗaya da digiri 45 ƙiyasi ne da aka sanya domin a sami abin riƙewa.

A 2015 mujallar JAMA ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitocin Birtaniya kan mutane 250 da suka sami karayar saman dantse wadda ta gusa. An yi wa rabinsu fiɗa, rabi kuma aka rataye musu hannu kawai. Bayan shekaru biyu ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin ɓangarorin biyu ba. Yawancin mutanen dai dattawa ne, kuma ba a sanya waɗanda fiɗa ta zame musu dole ba, kamar masu karaya haɗe da gocewar gaɓa.

Wanda ya fi girgiza fannin shi ne gwajin da masana na jami'ar Oxford suka jagoranta, wanda ya fito a mujallar Lancet a 2018. An kasa marasa lafiya 313 gida uku. An kankare wa wasu ƙashin rumfar, wasu an zura musu na'ura an duba ciki ba tare da an kankare komai ba, kuma ba su san hakan ba, sauran kuwa ba a yi musu fiɗa ba. Waɗanda aka kankare wa ƙashi ba su fi waɗanda aka leƙa kawai samun sauƙi ba. Wani gwajin da aka yi a ƙasar Finland ya zo da irin wannan sakamako a shekarar, kuma a 2019 wani kwamitin ƙwararru ya bayar da shawara a mujallar BMJ cewa a daina yin wannan fiɗa ga masu irin wannan ciwo.

Adalci ne a faɗi cewa Neer da kansa ya yi gargaɗin a jinkirta fiɗa har sai an shafe watanni ana gwada wasu hanyoyin, gargaɗin da masu bin sawunsa da dama suka yi sakaci da shi. Amma abin da ya shafi ƙirge shi ne: masu sukar ra'ayinsa ma sai sun ambaci maƙalar 1972 kafin su rushe ta. Rumbun kwamfuta ba ya bambanta ambaton yabo da na raddi, kowanne ƙari ne.

Abin da bai shiga lissafi ba

Matsalolin kafaɗa da suka fi damun jama'ar kwarin Rima sun sha bamban da waɗanda suka cika mujallun Amurka. A can, mafi yawan masu karayar saman dantse tsofaffi ne da ƙashinsu ya yi rauni suka faɗi a gida. A nan kuwa akwai matashin da ya faɗo daga kan babur a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi, da ɗan kokawar da aka kayar a kan hannu, da masuncin da ya shekara yana wurga taru, da manomin shinkafar fadama, da matar da ta yi shekaru talatin tana ɗaga taɓarya. Ga irin waɗannan, hannun da ba ya ɗaguwa na nufin tsayawar abinci.

Da yawa daga cikinsu wurin mai ɗori suke fara zuwa, saboda yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, kuma an gaji amincewa da gidansu. Akwai karayar da kan warke lafiya a hannun masu ɗori, musamman irin wadda ba ta gusa ba, wadda ko a tsarin Neer ba ta bukatar wuƙa. Haɗarin yana wurare biyu. Na farko shi ne ɗaure karan ɗori da ƙarfi har jini ya daina gudana, hannu ya ruɓe, a ƙare da yankewa. Likitocin Nijeriya sun daɗe suna rubutu a kan wannan, ciki har da maƙalar da Dakta Onuminya da abokan aikinsa suka buga a mujallar International Orthopaedics a 1999. Na biyu shi ne gocewar gaɓa da aka ɗauka targaɗe ne. Kafaɗar da za a iya mayarwa cikin mintuna a ranar da ta goce, idan ta yi makonni a waje sai nama ya cike gurbin, mayar da ita ya koma babbar fiɗa wadda ba kullum take maido da hannu yadda yake ba.

Likitan da ya ga irin waɗannan a asibitin Sir Yahaya ko asibitin gwamnatin tarayya da ke Birnin Kebbi, ya kuma rubuta abin da ya gani, yana da mujallun da zai kai. A Sakkwato ana fitar da Sahel Medical Journal da Annals of African Medicine, kuma dandalin African Journals Online, wanda aka fara a 1998, ya sanya ɗaruruwan mujallun Afirka a intanet. Amma ba dukan mujallun nahiyar ne manyan rumbunan ke lissafawa ba, kuma masu binciken da za su ambaci aiki kan ɗorin gargajiya ba su da yawa idan aka kwatanta da masu rubutu kan gaɓar ƙarfe. Maƙalar da za ta iya hana yanke hannun yaro a Argungu tana iya ƙarewa da ambato goma.

Wannan na da tasiri a kan rayuwar malaman jami'a, domin ƙarin girma a jami'o'in Nijeriya ya dogara ne ƙwarai a kan yawan maƙaloli, kuma jami'o'i da dama na fifita waɗanda suka fito a mujallun da ke cikin Scopus ko Web of Science. Wasu daga cikin manyan mujallun kan nemi marubuci ya biya dubban daloli kafin a saki maƙalarsa kowa ya karanta kyauta, ko da yake wasunsu na yin rangwame ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Matsin ya buɗe kasuwa ga mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewa ba, ya kuma haifar da ɗabi'ar yawan ambaton kai da ta musayar ambato tsakanin abokai. Irin wannan damuwa ce ta sa wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco a 2012, wadda ta nemi a daina auna masani da darajar mujallar da ya yi rubutu a ciki, a koma duba abin da ya rubuta.

Katin Codman

Tun kafin a fara ƙirga ambato, Ernest Codman, wanda Neer ya gina tsarinsa a kan aikinsa, ya kawo wani ma'aunin na daban. Ya ce kowane asibiti ya buɗe wa kowane marar lafiya kati, a rubuta abin da ya kawo shi, da abin da aka yi masa, da wanda ya yi, sannan a neme shi bayan aƙalla shekara guda a ga ko ya warke. Idan bai warke ba, a binciki dalili, a rubuta.

Abokan aikinsa a Boston ba su yi maraba da wannan ba. Ya bar babban asibitin Massachusetts a 1914, ya ci gaba da aiki a ɗan ƙaramin asibitin da ya buɗe na kansa, inda ya aiwatar da tsarin a kan kansa. Daga cikin marasa lafiya 337 da aka sallama daga asibitin tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123, ya kuma buga su kowa ya gani.

Tsarin nasa ba ya bukatar rumbun kwamfuta ko kuɗin waje, illa kati da alƙalami da hanyar sake samun marar lafiya, abin da wayar salula ta sauƙaƙa a yau ko da mutum yana ƙauyen da ke bayan Argungu. A kan wannan tunani ne aka gina rajistocin sauya gaɓoɓi da ƙasashe irin su Sweden da Birtaniya da Ostareliya ke riƙewa, inda ake bin kowace gaɓar ƙarfe da aka dasa domin a ga shekarun da za ta yi.

Codman ya rasu a 1940 ba shi da wata dukiya, aka binne shi a kabarin da ba a sa wa alama ba. Sai a 2014 ne ƙungiyoyin likitocin Amurka suka haɗa kuɗi suka kafa dutse mai ɗauke da sunansa a wurin.